Gadon Da Ya Kwantar Da Likitar Baba

A wannan wata za mu ɗan ajiye zancen makaranta, mu ba ku labarin wani gado.

Bara mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki. Da aka sallamo shi sai aka ce mu riƙa kai shi sashen gashin ƙashi, wanda wasu ke kira fisiyo, sau biyu a mako, a wani asibiti a nan Kumasi. Likitar da aka haɗa mu da ita doguwar yarinya ce, shekararta uku da gama karatu. Gadon aikinta kuwa na katako ne, ba ya hawa ba ya sauka, da kyar ya wuce gwiwarta. A sunkuye take ɗaga ƙafar Baba, ta lanƙwasa, ta miƙar, ta juya shi, har kusan rabin awa. Mu dai hankalinmu na kan Baba, sai a mako na shida muka lura duk sa'ad da ta ɗago sai ta dafe ƙugu kafin ta yi magana.

Muka ce, "Likita, ke ma kamar kina bukatar gashin nan." Ta yi dariya ta ce, "Malam, Baba ne na tara yau, kuma ga saura can a benci."

Bayan mako biyu muka je aka ce tana gida, baya ya riƙe. Abokin aikinta ɗaya ne tak, don haka zuwan Baba ya ragu ƙwarai. Abin ya dame mu, domin kuwa watannin farko bayan shanyewar jiki su ne lokacin da aka fi samun sauƙi.

Ashe matsalar ba tata ba ce ita kaɗai. Wani bincike da aka yi a Ostareliya, aka buga a 2000, ya nuna kashi 91 cikin ɗari na masu wannan sana'a sun taɓa samun ciwon jiki saboda aiki, kuma ɗaya cikin shida ya canza sashe ko ya bar sana'ar. A Nijeriya ma, binciken 2008 ya gano kusan bakwai cikin goma sun yi fama da ciwon ƙasan baya cikin shekara guda.

Tsayin gado na da hannu dumu-dumu a ciki. In ya yi ƙasa, mai aiki zai wuni a sunkuye, nauyinsa da na majinyaci duk su taru a ƙugu. In ya yi sama, ba zai iya danna wa da nauyin jikinsa ba, sai kafaɗa da wuyan hannu da babban yatsa su ɗauki wahalar. Shi kuma majinyaci irin Baba yana son gado ya sauko yadda ƙafarsa za ta taɓa ƙasa in ya zauna. Tsayi ɗaya ba zai biya wa mutum biyun nan bukata ba, shi ya sa ake ƙera gadon da ake takawa da ƙafa ya hau ko ya sauka. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa tebur ya dace da tsayin yaro. Ba mu taɓa kawo wa rai cewa babba ma haka yake ba, alhali mu kanmu da ciwon wuya muke tashi daga duba littattafai.

Likitar ta dawo bayan mako biyar. Mun tarar an sa wa ƙafafun gadon guntayen katako, an kuma ajiye ɗan matakala don majinyata. Dabara ce, amma sai mutum biyu sun kama Baba kafin ya hau.

Ƙungiyarmu ta zango takan kai wa asibiti sabulu da zannuwan gado kowace shekara. A taron wata mai zuwa za mu nemi a tambayo kuɗin gado mai hawa da sauka guda ɗaya, ko da na hannu ne.