Farantin Sola da Ganyen Wake

A Kiyako yanzu ba sai ka tambayi inda ake cajin waya ba. Ɗaga kai kawai, shagon da ka hango farantin sola a kan kwanonsa, nan ne. Haka abin yake a Birnin Kudu da Gwaram, daga masallaci har kemis. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke kwantar da farantin manne da kwano, ko tafin hannu ba ya shiga tsakani.

Da yawa sun ɗauka zafin rana ne abincinsa. Haske yake so, zafi kuwa kassara shi yake yi. A digiri 25 ake auna ƙarfinsa, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari. To ina ga kwanon da ya sha ranar Afrilu tun hantsi?

Wake ya daɗe da sanin wannan. Leƙa gona da azahar, musamman idan ruwa ya ɗauke kwana biyu. Ganyen da ya baje da safe yana shan haske, za ka tarar ya karkace, ya ba rana gefe, sai da la'asar ya sake buɗewa. Ga kuma iska tana ratsawa ta ƙarƙashinsa.

Masana ma wurin ganye suka koma ɗaukar darasi. A 1991, a Suwizalan, Michael Grätzel da Brian O'Regan suka bayyana wata fasahar sola mai amfani da rini, wanda ke kama haske irin yadda koren ganye ke yi. A 2014 aka buɗe wani zauren taro a Lausanne mai gilasai masu launi irin wannan a bangonsa, suna tare rana suna ba da wuta. Bajamushe Wilhelm Barthlott kuma ya gano dalilin da ruwa ke gangarewa a kan wasu ganyaye ya tafi da datti, abin da muke gani a ganyen gwaza. Daga nan aka samo shafen da ke hana ƙura maƙalewa a gilashi.

Sai dai shafen ma ruwa yake jira, hunturunmu kuwa ƙura ce zalla. Don haka a nan sai mai gida ya sa a ɗaga farantin kamar taƙi guda daga kwano, a ɗan jingina shi yana kallon kudu, sannan a riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi.