Wasan da rediyo bai kira sunansa ba

A Kance ta ƙuruciyata rediyo ne ke raba girma. Abin da aka ji daga bakinsa ya zama abin kirki, wanda ya yi shiru a kansa kuwa sai ya zauna sahun wasan yara, ko da manya ne ke yin sa. Wannan hukunci ne ya karya mana ƙwallon kwando, mu ƴan matan kolej na farkon shekarun 2000, tun kafin aure da jarrabawa su zo su watsa mu.

Idan lokacin kokawar takobi ya kama, gari kan tsaya cak. Masu sayar da rake a bakin hanyar da ta fito daga Takeita ta nufi Matamaye da Ɗan Barto, kowa da ƙaramin rediyonsa a kunne, Muryar Sahel na kawo karawa kai tsaye. Gidan da ke da tele kuwa sai a fito da ita ƙofar gida, a jona mata batirin mota, yara a gaba, manya a baya. Innata ba ta taɓa taka filin kokawa ba, amma ta san Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobi a Tawa a 1975, ta san Salma Ɗan Rani na Doso, ta san Balla Haruna da Badamasi, balle Langa-Langa namu na Damagaram wanda filin kokawar birni ke ɗauke da sunansa. Ina son kokawa har gobe, kuma ba na ƙyashin ƴan kokawa. Abin da na riƙe daga waɗannan ranaku shi ne yadda kyauta ke zuba. Da an yi kaye sai mai magana ya shiga jero: Alhaji wane ya ba da jika kaza, ɗan kasuwa wane ya ba da buhun shinkafa, wane ya ba da babur. Masu bayarwa sun san ƙasa duka na sauraron sunansu. Lasifika ce ke jawo kuɗi, kuɗin ya ba ɗan kokawa abinci da hutun da zai yi horo, horon ya kawo kaye, kayen ya sake jawo lasifika.

Mu kuwa filinmu ƙasa ce mai tauri a bayan azuzuwa, da sanduna biyu, da allon katako, da zoben ƙarfen da wani maƙeri ya lanƙwasa mana. Raga babu. Ƙwallo ɗaya ce, ta sha faci wajen mai gyaran keke har ta daina tashi daidai. Wani matashin malamin motsa jiki da aka turo daga wani gari shi ya koya mana, bayan an tashi darasin yamma, muna sanye da dogon wando, kallabi ɗaure tamau. A cikinmu akwai wata doguwa, ɗiyar mai garka, wadda jan guga ya ƙarfafa wa hannu. Daga nesa take jefawa, ƙwallo ta faɗa zobe ba ta taɓa allo ba. Na kalli wasanni da yawa tun daga lokacin, kuma ina nan a kan bakana cewa da ta samu wanda ya gan ta, da ta sa rigar ƙasa.

Da maganar zuwa Damagaram wasan makarantu ta taso, malam ya bi gida-gida neman izini. Ya sami Baba a zaure bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Baba ya saurara har ƙarshe, sa'annan ya ce, "Malam, wannan wasan naku, ana faɗinsa a rediyo?"

"Ba a kai ga faɗi ba tukuna, Baba."

"To ka gani. In abin kirki ne ai da mun ji."

Baba ba mai tsanani ba ne. Shi ya sa ni lakwal a lokacin da maƙwabta ke cewa ɓata lokaci ne. Abin da yake tsoro shi ne bakin mutane. Budurwa ta shiga mota ta tafi birni saboda wani abu da ba wanda ya taɓa jin labarinsa, me zai ce wa abokan zamansa a ƙofar masallaci? Shaida yake nema wadda zai nuna, kuma a wancan zamani babu shaidar da ta kai rediyo.

A watan Disamba na 2005 aka yi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Yamai, daga ranar 7 zuwa 17, kuma gasar ƙwallon kwandon da ke ciki ta mata ce. Nan ne mutanen unguwarmu suka ga manyan mata a tele suna yin abin da muke yi a bayan azuzuwa, ga tutocin ƙasashe, ga manya zaune suna tafi. Gani ya kori ji. Baba ya kalle ni ya ce, "Ashe abin naku har da tuta." A shekarar da ta biyo baya ya bar ni na tafi, wasu iyayen ma suka saki.

Mun je Damagaram, mun buga, mun ci wasa. Malam ya rubuta sakamakon da sunayenmu a takarda, ya kai da ƙafarsa wani gidan rediyo. Aka ce masa sai ya biya kuɗin sanarwa, kamar mai cigiya ko mai gayyatar ɗaurin aure, shi kuwa kuɗin motarmu ma da ƙyar ya haɗa. Da dare shirin wasanni ya jero sakamakon ƙwallon ƙafa na Turai, ya taɓo na samarin unguwanni, aka rufe. Muka dawo Kance, in ba wanda muka gaya wa da bakinmu ba, babu wanda ya sani. Ƙofar da ta buɗu ta sake rufuwa. Aka canza wa malam wurin aiki, doguwar nan kuma aka ɗaura mata aure kafin ta zauna jarrabawar fita kolej. Ba zan ɗora wa rediyo wannan aure ba. A ƙasar da ƙididdigar 2012 ta nuna kashi 76 cikin ɗari na mata ana aurar da su kafin shekara 18, talauci da al'ada sun fi ƙarfin shirin wasanni. Amma uban da ke son ya jinkirta da shekara guda yana bukatar hujja a gaban dangi, kuma jin sunan ɗiyarsa a rediyo hujja ce babba.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon miki labarin Amurka ne. A can tun 1972 doka ta hana makarantun da ke cin kuɗin gwamnati nuna bambanci tsakanin maza da mata, har da fagen wasanni, don haka ƴan matan jami'a sun daɗe suna buga kwando mai kyau. Duk da haka gasarsu ta ƙasa an dunƙule ta da wasu gasanni sama da ashirin aka sayar wa tashar ESPN a kan kimanin dala miliyan 34 a shekara, ana cewa ba ta da masu kallo. A 2021 wata ƴar wasa, Sedona Prince, ta ɗauki bidiyo da wayarta ta nuna ƴan ƙarafunan motsa jiki da aka ajiye wa mata, ta nuna makeken zauren da aka shirya wa maza. Binciken da ya biyo baya ya ce gasar matan ita kaɗai ta kai darajar dala miliyan 81 zuwa 112 a shekara. Da aka ɗora wasan ƙarshe a babbar tashar ABC a 2023, mutum miliyan 9.9 suka kalla. A 2024, karawar jami'o'in South Carolina da Iowa ta tara kusan miliyan 19, ta zarce ta maza da ta tsaya wajen miliyan 14.8. Ƴan wasan suna nan tun da daɗewa, masu kallo ma suna nan. Wuri da lokaci mai kyau ne aka hana su.

Ko da kyamara ta zo, tana da fuskar da take so. Caitlin Clark ta Iowa ta cancanci yabo, domin ta karya tarihin yawan maki na maza da mata gaba ɗaya a babban rukunin gasar jami'o'i. Amma South Carolina ce ta ɗauki kofin, ƙarƙashin Dawn Staley, bayan ta ci wasanni 38 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, da ƴan wasa galibinsu baƙaƙen fata, kuma mutane da yawa a can sun koka cewa an fi cika musu kunne da wadda aka kayar. Wannan ya yi mini zafi fiye da yadda na zata, don na san ɗacin cin wasa a koma gida shiru.

Yanzu ƴan matan Kance suna da waya a hannu. Sun ga D'Tigress ta Nijeriya, ƙarƙashin Rena Wakama, ta kai zagayen ƴan takwas a gasar Olamfik ta Faris a 2024, abin da babu ƙungiyar kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa yi. Wasu sun ji labarin Tekiath Ben Yessouf, ƴar Nijar da ta yi karawar neman tagulla a taikwando a Tokyo. Sai dai waya tana hannun yarinya ne, izini kuma yana hannun uba, uban kuwa har yau rediyonsa yake ratayawa idan zai tafi garka. Rediyoyin al'umma sun yawaita a jihar Damagaram, suna magana da Hausar da ake ji a kowane zaure. Abin da nake roƙonsu minti biyar ne a mako, kyauta: a faɗi makarantar da ta ci, a kira sunan yarinyar da ta jefa, a haɗa da sunan mahaifinta da garinsu.