Katin naira da motar haya a Jidda

Tun da aka fara yaɗa labarin cewa wasu bankunanmu sun sake buɗe katin naira don a riƙa biyan kuɗi da shi a ƙasashen waje, nake ganin mutane suna ta murna a nan Facebook. Ni ma na yi murna, amma abin da ya faɗo mini a rai shi ne wani dare da na yi a filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, a ƙarshen 2024, ina tsaye gaban kantar masu ba da hayar mota, Hajiyarmu na zaune a keken guragu tana kallona.

Umra muka je, ni da ita da ƙanwata. Hajiya gwiwa ta matsa mata, ba ta iya doguwar tsayuwa, hawa bas kuwa sai an ɗaga ta. Shi ya sa tun daga Kano na yanke shawarar mu ɗauki mota. Na san akwai jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018, kuma kowa na yabonsa, amma na fi son inda za ta ce a tsaya, a tsaya. Na kama motar ta intanet, na biya kuɗin kwana takwas, na yi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, na buga takardu na sa a jaka. A ganina na gama komai.

Muka sauka wajen ƙarfe ɗaya na dare. Saurayin da ke kantar ya karɓi fasfo da lasisi, ya danna kwamfuta, sai ya ce in kawo katin da za a riƙe kuɗin ajiya. Na ce ai na biya. Ya ce wancan kuɗin haya ne, wannan kuma jingina ce, Riyal 1,500, za a kulle su a katin har sai na dawo da mota lafiya kuma an tabbatar babu tara a kaina. Daga baya na duba takardata, wallahi yana rubuce, can ƙasa da ƙananan baƙaƙen da babu mai karantawa. Laifina ne.

Na miƙa katin naira, duk da na san amsar da zan samu. Tun 2022 bankuna suka rage abin da za ka iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya. Na'ura ta ƙi. Na miƙa katin dala, abin da ke ciki bai kai ba, don na kwashe wajen biyan masauki. Na fito da tsabar Riyal na ajiye a gabansa, ya girgiza kai cikin ladabi, ya ce kati kawai, kuma sai mai ɗauke da sunan direba. Jama'a, kuɗi na nan a asusuna na gida, sun fi abin da ake nema. Ga wasu a hannuna. Amma a wannan kantar ni da wanda bai da ko sisi duk ɗaya ne. Wani Bature da ke bayana ya taɓa katinsa sau ɗaya, ya karɓi makulli ya wuce.

Hajiya ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Cewa ta yi, "Kai wannan, in abin bai yiwu ba mu nemi tasi mana, ai ba girman kai muka zo yi ba." Na ce, "Hajiya, ki ƙara haƙuri kaɗan." Maganar gaskiya kunya ce ta hana ni motsi, ga kuɗin kwana takwas da ban san ko za su dawo ba.

Abin da ya cece ni bambancin lokaci ne. Saudiyya ta riga mu da awa biyu, a Kano sha ɗaya ta ɗan wuce. Na kira wani abokina da ke harkar canji a Wapa, Allah Ya sa bai kwanta ba, kuma bankinmu ɗaya. Ya turo dala 400 cikin asusuna, ni kuma na tura masa naira a farashin ranar. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 shekara da shekaru, ba ya motsi. Tamu ce ke motsi. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala ba ta kai 500 ba a farashin gwamnati. A daren nan ta haura 1,500. Sama da naira dubu ɗari shida ke nan aka kulle mini, kuɗin da ban ci ba ban sha ba.

Motar dai ta yi mana rana, ba zan ɓoye ba. Daga Jidda zuwa Madina sama da kilomita 400 ne, titi sumul, babu shingen da za a tare ka a ce "yaya aiki". Mun tsaya sau uku Hajiya ta miƙe ƙafa, ta yi alwala a natse. Na sha mai a Riyal 2.18 lita, na lissafa da naira, na ga kusan abin da muke saya ne a gida a lokacin, bayan cire tallafi. Dariya kawai na yi. Da za mu tafi Makka muka ɗaura harami a Zul Hulaifa, na tuƙa da mayafi da bel a ƙirji, Hajiya na baya tana talbiyya a hankali. Wannan kam ba zan manta ba.

A Makka kuwa motar kaya ta zame mini. Kusa da Harami babu wurin ajiyewa, na kai ta can nesa ta yi kwana uku ina biyan haya a banza. Da na sani da a ranar da muka shiga na mayar da ita.

Ranar mayarwa ma'aikacin ya nuna mini wani ƙarce a ƙofar baya. Ƙanwata, wadda na yi wa faɗa a daren farko don tana ta ɗaukar bidiyon motar kamar amarya, ita ta fito da waya ta nuna masa ƙarcen yana nan tun ranar da muka karɓa. Ya ce shi ke nan. Amma kyamarorin Saher, waɗanda ke kama masu gudu, ba su san wannan ba: ashe sun ɗauke ni sau ɗaya a hanyar shiga Madina, aka cire tarar daga jinginar. Sauran kuɗin sai da muka yi kusan mako uku da dawowa suka faɗo.

Don haka ku da ke shirin tafiya bana, kafin ku dogara da katin nairan nan, ku shiga banki ku tambayi iyakar da aka sa masa, ku kuma tambayi kamfanin motar nawa za su riƙe, da irin katin da suke karɓa. Hajiya har yau in ta ga na fito da walat sai ta ce, "Wanne ne mai aikin a ciki?"