Daren da kare ya shiga akurkin Inna

Da yawa kun kira kuna tambayar abin da ya hana mu shirin safe ranar Asabar ɗin can. Lahiyarmu lau, ba a kuma yi rasuwa ba. Kare ne ya shiga akurkin kajin Inna a Azarori. Mun san wani zai ce, ashe kaji ne kawai. To, ya bari ya ji.

Ranar Juma'a da marece muka taso daga Madawa don mu kwana gida. An yi ruwa mai ƙarfi a satin, ya kwantar da danga ta wajen gabas, aka ce sai an dawo daga gona a gyara, ba a gyara ba. Kafin kiran asuba muka ji kururuwar kaji da muryar Inna tana kiran ƙanenmu: «Kai, tashi! Wani abu na cikin kajina!» Kafin mu kunna fitilar salula karen ya bi ta inda ya shigo. Mun gan shi sarai, jan karen maƙwabcinmu ne, wanda ke rakiyar awakinsu.

Kaji goma sha ɗaya gare ta. Biyar sun haye bisa rumbu sun tsira. Biyu sun mutu nan take, ɗaya hanjinta ya zubo tana shure-shure. Zakara ya karye a ƙafa. Sai wata wake-wake da ke kwanci bisa ƙwan zabi goma sha biyu: kare ya saɓule mata fatar baya kamar faɗin tafin hannu, nama ja a fili, ba kyan gani. Ta ƙarshe wata ƴar durgu ce da ta laɓe bayan randa. Muka ɗaga ta, muka ga ɗan jini ƙarƙashin fiffike, muka ce wannan ta sha, muka ajiye ta.

Duk wanda ya tashi a ƙauyen Adar ya san kajin tsohuwa su ne asusunta. A watan Agusta, lokacin da hatsin rumbu ya kai gindi, sabo bai nuna ba, kaza guda ita ke zama tiyar hatsi, ita ke zama kuɗin kabu-kabu in jika ya kwana da zazzaɓi. Ƙwan zabin nan kuwa Inna ta riga ta yi musu lissafi har zuwa sallah. Zabuwa da damina take yin ƙwai, kuma ba ta iya reno ba, shi ya sa ake ba kaza. Na kaza kwana 21 ne, na zabi yakan kai 26 zuwa 28, kuma waɗannan sun yi kwana goma sha takwas a ƙarƙashinta.

Ƙanenmu ya ɗauko wuƙa, don abin da muka gada ke nan: kazar da ta ji ciwo, a yanka kafin ta zama mushe. Liman na dawowa daga masallaci ya leƙo. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya dabbar da aka riga aka huda mata makasa, irin wadda hanjinta ya zubo, yanka ba ya halatta ta. Muka hutar da waccan, muka haɗa ta da biyun muka binne da zurfi don kada karnuka su tone. Zakara aka yanka shi ya shiga tukunya. Da aka zo kan wake-wake Inna ta riƙe hannun yaron. «Wagga ba a yanka min ita. Ku nemo min mai magani.»

Kafin rana ta fito gidan ya cika da likitoci. Wata ta ce a barbaɗa toka, wani ya ce baƙin man mashin, shi ke korar ƙuda. Akwai mai cewa barkono cikin ruwan sha, akwai wadda ta zo da tupaye guda biyu ƙulle a bakin zane ta ce a fasa a zuba a ciwon. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo. Mu dai muka kira wani mataimakin likitan bisashe, irin waɗanda ke aiki da likitocin dabbobi masu zaman kansu a karkara, wanda muka taɓa gayyata a shirinmu na makiyaya. Yana can wajen Buza yana aiki, don haka ta waya ya yi ta ba mu umarni.

Abin da ya fara cewa ya ba mu mamaki: kada ku wanke komai tukuna. Ya ce firgita kaɗai na kashe kaza. Zafin jikinta wajen digiri 41 ne, in ta zubar da jini, ga gashi ya tafi, ga sanyin asuba na damina, sai jikin ya huce ta mutu a hannunka kana cikin wanke ta. Muka danne inda ke jini da tsumma mai tsabta har ya tsaya, muka sa ta cikin kwando da tsohon zane, muka kai ta ɗaki mai duhu, aka kori yara. Bayan kamar awa guda muka dama sukari kaɗan a ruwa muka riƙa tsoma bakinta tana haɗiya da kanta. Ya hana mu ɗura mata, don ƙofar numfashin kaza a gindin harshe take, ruwa na kuskurewa sai huhu.

Sannan aka zo wanki. Ruwan da aka tafasa ya huce, rabin litir, da ƙaramin cokali guda na gishiri. Muka aske gashin da ke kewaye da ciwon da almakashi, muka yi ta kwarara ruwan har ƙasa da tarkace suka fita, muka shafa Bétadine mai ruwan ɗorawa da aka sirka da ruwa. Inna ta so a ɗinke da zare da allura. Ya ce a'a, cizon kare ba a rufe shi, in ka ɗinke ka kulle ƙwayoyin cutar bakin kare a ciki. Baƙin mai kuwa ya ce guba ne, toka da ƙasa datti ne bisa datti. Babban abokin gaba a wannan lokaci ƙuda ne: in ya yi ƙwai a ciwo, kafin kwana guda tsutsa ta fito. Sai muka yanko tsohon sange muka lulluɓe kwandon. Safe da marece ana wanki. Abincinta tsakin hatsi jiƙaƙƙe da dafaffen ƙwai, daga baya yara suka riƙa ɗebo mata gara. Da ya dawo ya kawo garin magani na kaji da ake sawa a ruwan sha, ya auna mana, ya ce ba cin ƙwanta ba cin namanta sai kwanakin da aka rubuta a jikin leda sun cika.

A nan ne muka yi kuskuren da ya sa muke wannan rubutu. Duk hankalinmu ya tafi ga ciwon da ke ba ido tsoro. Durgu muka bar ta a tsakar gida tana ɗan tsattsage. Ranar Lahadi da marece ta daina ci, ta yi tsuru, gefen jikinta ya kumbura, in ka taɓa sai ka ji iska ƙarƙashin fata kamar leda. Muka buɗe gashin da kyau, abin da ya kamata mu yi tun asubar farko: ƙananan huji huɗu, wurin fiƙoƙin kare, biyu ta kowane gefe. Kaza na da jakunkunan iska tara a cikin jikinta da ke haɗe da huhu, haƙori ya huda ɗaya, kuma kare in ya kama yakan matse ya girgiza, ɓarnar tana ciki inda ido ba ya kai. Litinin da safe muka tarar ta mutu. Mai maganin ya ce ko da an gani da wuri ba lalle ta tashi ba, amma da an keɓe ta an fara magani tun ranar, da an ba ta dama. Wake-wake mai mummunan ciwo kuwa, a kwana na huɗu ta fara tsattsage da kanta, a sati na biyu ɓawo ya rufe. Ba mu maida ta cikin sauran ba sai da jan ya ɓace, don kaji in sun ga ja sai sun tsattsage shi, ƴan uwanta ma sai su ƙarasa abin da kare ya fara.

Saura maganar karen, wadda ta fi ta kaji zafi. Samarin unguwa sun ɗauko sanduna. Mai maganin ya ce kada a kashe, a ɗaure. Dalilinsa ƙanenmu ne: akwai yankan haukar noma a hannunsa, kuma da wannan hannun ya kwashi kajin da ke jiƙe da yawun kare. Ciwon haukan kare na dabbobi masu shayarwa ne, kaza ba abin tsoro ba ce a nan, mutum ne abin ji. Hukumar lahiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma in alamunsa suka bayyana babu magani. Abin yi na farko shi ne wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, sannan a tafi likita ranar, ba gobe ba. Haka muka yi da shi. Karen kuma in yana ɗaure ana kallonsa, aƙalla kwana 10, lahiyarsa ita ke ba da labari. Wanda aka kashe aka jefar ba ya gaya wa kowa komai. Ya cika kwanakinsa yana ci yana sha yana kaɗa wutsiya.

Mai karen dattijo ne, tare suka yi ƙuruciya da marigayi Baba. Ya zo da hantsi ya tsuguna a bakin zaure, ya ce: «Hajiya, na ji abin da ya faru. Ki faɗi kuɗin kajinki.» Inna ta ce: «Malam, dangata ta faɗi kwana huɗu ban tada ba. In ka biya kaji, ni wa zan biya?» Mu da muka yi lakkwal muna ta shirya lissafi a ka, har mun fara tunanin zuwa wurin maigari, sai muka yi shiru.

Matarsa ce ta raba gardamar ba tare da ta ce uffan a kai ba. Ta aiko jikarta da wata baƙar kaza da ta fara kwanci, cikin ƙwarya an rufe da faifai. Ƙwan zabin sun yi awowi a sanyi, biyu sun fashe a turmutsutsun, ba wanda ya sa rai. Da dare muka sa mata goman da suka rage, ta karɓa. Bayan kwana tara bakwai suka ƙyanƙyashe.

Yanzu an tada dangar, ƙanenmu da ɗan maƙwabcin suka yi aikin tare, akurkin ya samu ƙofar langa-langa da ake sakayawa da dutse. Wake-wake na yawo da baya a sanƙo, yara sun sa mata suna Mai Kora. Rigimar da ta rage ita ce ta ƴan zabin: Inna ta ce uku na mai baƙar kaza ne, ita kuma ta rantse ba za ta karɓi fiye da ɗaya ba. Ranar Juma'a in mun koma gida za mu ji inda suka tsaya.