Littafin Mai Filashin a Illela

Daga Sakkwato muka bi ta Kware da Gwadabawa, but cike da buhunan albasa, kafin azahar mun shiga Illela. Lahadi ce, ranar kasuwa. Shanu da raƙuma ko'ina, 'yan canji na ƙirga sefa da naira a bakin hanyar Ƙonni. Ni kuwa a rumfar masu gyaran waya na yada zango.

Wani dattijo daga ƙetaren iyaka ya kawo itel ɗinsa, in an kunna ta sai ta nuna tambari ta tsaya cak. Matashin mai rumfar bai yi gaggawar jona ta da kwamfuta ba. Ya ɓalle bayanta, ya haska tocila ya karanta lambar da ke jikin bod, sannan ya jawo wani littafin makaranta da gefensa ya yi baƙi don yawan buɗewa.

"Baba, a ɗan yi haƙuri. Sunan ɗaya ne, amma cikin ba ɗaya ba."

Da gaskiyarsa. Kafin Android ta farka, wata 'yar manhaja ce ke fara tashi, butloda, ta shirya ma'adanar waya sannan ta miƙa ragama. Bod ɗin da aka yi ta dominsa kaɗai ta sani. Tecno da Infinix da itel duk na Transsion ne da ke Shenzhen, amma wasu na ɗauke da cif ɗin MediaTek na Taiwan, wasu na Unisoc, kowanne da manhajar filashin ɗinsa. In aka zuba wa waya butlodar wata, ta mutu murus, ko alamar caji ba za ta nuna ba.

Shi ya sa kowane layi na littafin ke da lambar bod, da cif, da fayil ɗin da ya yi aiki, da maɓallin da ake dannewa lokacin saka kebul. Wasu layukan an ja su da jan biro: kada a taɓa.

Masu U-Boot, butlodar da Wolfgang Denk ya jagoranta daga Jamus, irin wannan aikin suke yi: kowane bod da sunan mai kula da shi a rubuce. Sai dai nasu a buɗe yake a intanet, na Illela kuwa a akwati yake kwana. Ban ga laifin matashin ba, da shi yake cin tuwo. Ina zaune maƙwabcinsa ya aiko yaro da tambaya kan wata Tecno. Ya leƙa shafi, ya faɗa wa yaron da baki, ya tura littafin ƙarƙashin cinya.