Hanyar Tanut: Tsakanin Amalanken Icce da Butalin Gaz

Wanda ya bar Damagaram ya miƙi hanyar Tanut zai ga itatuwa suna raguwa sannu a hankali. Gawo da tsamiya su ja baya, a bar aduwa da ƙaya jefi-jefi cikin rairayi. A kan wannan hanya muka yi ta gamuwa da amalanken shanu da jakkai, shaƙe da icce, sun nufi birni. Dattawa sun shaida cewa a zamanin ƙuruciyarsu a bayan gari ake saro icce. Yau sai mai amalanke ya kwana a daji.

Kimanin kilomita 50 arewa da birni, wajen Bakin Birji, sai ga matatar mai ta SORAZ, da manyan tankunanta da harshen wuta a kan dogon bututu. An buɗe ta a watan Nuwamba na 2011, da haɗin gwiwar Nijar da kamfanin CNPC na ƙasar Sin. An gina ta don tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen man kuwa daga Agadem yake zuwa ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 400. Ban da fetur da gazuwal, nan ake samun gaz ɗin da ake ɗurawa cikin butali. Kafin 2011 daga ƙasashen waje ake kawo mana shi.

Ya kamata iyali su san cewa gaz iri biyu ne. Akwai wanda ake haƙowa daga ƙasa a tura ta bututu har cikin gidaje, kamar yadda ake yi a Aljeriya. Shi ya fi iska rashin nauyi. Namu na butali kuwa matse shi ake yi har ya zama ruwa, kuma ya fi iska nauyi. Idan ya tsiyaya, ƙasa yake kwanciya ya taru a lungun ɗaki. Shi ya sa ake sanya masa wari da gangan. In an ji warin, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. A rufe butalin, a buɗe ƙofa da taga. Da kumfar sabulu ake gwada tiyo, ba da wuta ba. Butali a tsaye ake ajiye shi, nesa da rana da hannun yara. Sunna ta hore mu da kashe wuta kafin barci, rufe butali da dare yana cikin wannan horo.

A unguwannin Birni da Zango mun ga ƙananan butali masu kilo 6 a gidaje da wajen masu shayi. Amma a ƙauyukan gefen hanya, har waɗanda ke hango matatar, kara da kashin shanu ne a murhu. Matsalar ita ce kuɗin farko: icce ana sayen sa kaɗan-kaɗan kullum, butali kuwa sai an tara. Wani lokaci kuma gaz ɗin kan yanke a kasuwa.

Duk da haka, ya ku magidanta, mu dubi uwargida da goyo a bayanta tana hura ɗanyen icce a damina. Hayaƙin nan yana cin idonta, yana shiga ƙirjin jaririn. Lafiyarsu amana ce a wuyanmu. Inda hali ya gaza, adashin unguwa na iya saya wa gida ɗaya butali kowane wata.

Manoman Matamaye da Magarya sun raya gawo a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, kuma kowace ranar 3 ga Agusta ƙasa tana dasa itatuwa. Amma dashe ba ya cim ma sara, sai an rage abin da murhu ke ci. Allah Ya kiyaye gidajenmu daga gobara, Ya albarkaci abincinmu. Amin.