Shekarar da Zauren Gidanmu Ya Cika

Yola gari biyu ce. Akwai Jimeta ta kasuwa da ofisoshi a bakin Binuwai, akwai kuma Yola ta Lamiɗo, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841. A ta biyun gidanmu yake, unguwar Wuro Hausa. Ginin ƙasa ne, zaure biyu, rijiya da darbejiya a tsakar gida. Ciki Hausa ake yi, da ka fita bakin titi sai Fillanci. Kakanmu Malam falke ne, don saukar abokan fatauci ya gina zauren farko da faɗi haka. Mu dai da muka taso, buhunan masara da wani mataccen babur muka tarar a ciki, har an fara yi wa Baffa maganar a rushe shi a fitar da shaguna.

Sai ga 2014. Madagali da Michika suka fara faɗawa hannun Boko Haram, a ƙarshen Oktoba kuma Mubi ta bi. Jama'a suka kwararo ta Gombi da Song, suka ƙetare gadar Binuwai, wasu ko takalmi babu. An buɗe sansani a Damare da Malkohi, amma mafi yawansu gidajen mutane suka shige.

Wata rana bayan sallar isha'i Baffa ya shigo da wani dattijo da ya saba sarin wake a wurinsa a kasuwar Mubi. Bayansa iyalinsa ne, da maƙwabtansa Kiristoci 'yan Michika, waɗanda wannan ne gudunsu na biyu.

Goggo ta ce, "Yaya, ina za mu kai su?"

Ya ce, "Inda Malam yake kai baƙinsa."

A daren muka kwashe buhuna. Maza suka kwana a zaure, mata da yara aka raba su ɗakuna. Ba zan ce komai lafiya lau ba. Rijiya kan ƙafe kafin azahar, sai laka. Mata sun yi cacar baki kan itace da layin banɗaki. Masarar da aka ajiye ta kai mu kaka ta ƙare tun sanyi bai wuce ba. Mai unguwa ya zo ya rubuta sunan kowa, don ana tsoron kada wani ya saje cikin 'yan gudun hijira. Ga raɗe-raɗin cewa Yola ce ta gaba. Ran Lahadi 'yan Michika su hau Keke Napep zuwa coci a Jimeta, Goggo ta rufe musu tuwonsu har su dawo.

Gidajen bulo na yanzu, masu get da falo, da wuya su iya wannan. Zaure ne ke ba baƙo wurin kwana ba tare da ya keta wa matan gida ba.

An ƙwato Mubi a watan Nuwamba, da taimakon maharba da 'yan banga, amma baƙinmu ba su yi gaggawa ba. Sai namiji ya je ya dubo gida, ya dawo, sannan a kwashi yara. 'Yan Michika sun kai damina. Daminar ce ma ta tsaga bangon zauren, bayan rasuwar Baffa magada suka rushe shi. Shaguna uku ne a wurin yanzu, ɗaya na mai gyaran waya.